Yadda Ake Shirya Gasar Ƙwallon Unguwa Da Za Ta Yashe Kwata Ta Kuma Kashe Gaba

Gasar farko da muka shirya a unguwarmu ba ta ga wasan ƙarshe ba. Ana wasan kusa da na ƙarshe, saura kamar minti biyar a tashi, alƙali ya busa fenariti. Kafin a ajiye ƙwallo a wurin bugu, rabin bulo ya faɗo tsakiyar fili, sai ga na biyu, sai na hango wani yaro da na san mahaifinsa yana laluben ƙugu. Alƙalin, wani malamin firamare da muka roƙa ya zo ya taimaka mana, ya haura katangar makaranta da usur a baki, ya bar mana takalmi ƙafa ɗaya. Kofin da muka yi karo-karo muka saya ya shekara a ɗakina yana shan ƙura.

Mun daɗe muna ɗora laifin a kan alƙali da kuma ƙwaya. Sai daga baya muka gane da hannunmu muka ɗaura faɗan. Mun ce kowane layi ya kawo ƙungiyarsa, alhali layukan nan su ne masu gabar da muke son kashewa. Muka tara su fili ɗaya, muka ba kowane ɓangare riga mai launinsa, muka ce sili ɗaya ƙwale, wanda aka ci ya tafi gida. Ashe gaba muka ɗinka wa riga, muka kuma sa mata rana.

Babu kiran taron da ke tara samari kamar ƙwallo, wannan ba musu. Amma tarawar kawai take yi. Abin da kuke so ya canza a unguwa, cikin dokokin gasa ake rubuta shi, a teburin maki kuma ake ganinsa. Yaro ba ya riƙe jawabin babban baƙo ko na minti ɗaya, amma ya san darajar maki uku sarai. A kan wannan aka gina duk matakan da ke ƙasa.

Mataki na farko: ku kama ciwo ɗaya

"Zaman lafiya da ci gaban al'umma" rubutun kyalle ne, ba a iya aiki da shi. Ku zauna ku uku ko ku biyar, ku ware mako biyu kuna zagayawa: teburin mai shayi, gidan kallon ƙwallo, majalisar dattawa bayan la'asar. Ku sa matanku ko yayyenku mata su tambayo cikin gida, domin uwa ta fi kowa sanin ƙarfe nawa ɗanta ke shigowa da dare. Tambaya ɗaya ce: me ya fi damun unguwar nan? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Za ku ji abubuwa da yawa. Kwatar da ke cika ta shiga gidaje duk damina. Yaran da ke sulalewa daga makaranta lokacin tara ba su komawa. Faɗan layi da layi, wanda a Kano ake ce wa daba, a Katsina ƙauraye, a Gombe kalare, a Bauchi sara-suka. A garuruwa irin Jos da Kaduna kuma, unguwannin da suka rabu ta fuskar addini har yaro ya girma bai taɓa taka wancan ɓangaren ba. Ku ɗauki ɗaya, in ya yi yawa biyu. Sharaɗin shi ne abin ya zama mai ƙirguwa: layi nawa aka yashe, yaro nawa ya cika mako a aji, sau nawa 'yan sintiri suka raba faɗa a wata. Ku rubuta adadin yadda yake yau, kafin a taɓa ƙwallo. In ba ku rubuta ba, ranar da aka tashi gasa ba ku da abin faɗa sai "an samu nasara".

Mataki na biyu: gaisuwa kafin usur

Mai unguwa ne farko, kuma ba ta waya ba. Ku je zaure ku durƙusa: "Ranka ya daɗe, yaran nan muke so mu tara, mun zo neman izini da shawara." Kalmar shawara ɗin nan kada ku bar ta, kuma in ya bayar ku ɗauki wani abu a ciki a gani. Daga nan limami, da fasto in unguwar ta gauraya ce, da shugaban makarantar da za ku ari filinta, da 'yan sintiri, sannan takarda zuwa ofishin 'yan sanda na yankin don su san ranaku.

Liman zai tambaye ku salla da Islamiyya, kuma da gaskiyarsa. Ku je da amsa a hannu. Wasa bayan la'asar, minti ashirin da biyar kowane zagaye, a tashi kafin kiran magariba. Na ƙananan yara a sa shi Alhamis da Juma'a da yamma, ranakun da makarantun allo da yawancin Islamiyyu ke hutu. Kada a sa komai Lahadi da safe inda akwai masu zuwa coci. Ku kauce wa azumi, da lokacin jarrabawar kammala sakandare, da lokacin shuka in a karkara kuke.

Akwai gaisuwar da mutane ke tsallakewa, ita ce kuwa ta fi muhimmanci: ta manyan samarin da yaran ke jin maganarsu, waɗanda ake tsoro. Ku same su a majalisarsu, ba a gaban mai unguwa ba. Ku ba su aiki na gaske, kamar tsaron ƙofa, riƙe igiyar da ke raba 'yan kallo da fili, ko kula da ƙwallaye. Wanda aka ɗaura wa ƙyallen jami'in tsaro a dantse a gaban yaransa, da wuya ya bari a yi jifa a ranar. Amma kada ku ba su kuɗi a hannu don su yi shiru. Sau ɗaya kuka yi, ya zama haraji.

Batun fili gajere ne. Ku karɓi izini a rubuce, da sa hannu da hatimi, ko da shugaban makarantar abokinku ne, domin ana canza shugaba. Ku tsince kwalabe da ƙusoshi, ku cike ramuka, ku ja layi da toka. In filin bai kai na mutum goma sha ɗaya ba, ku yi bakwai-bakwai. Ya ma fi, don kowa zai taɓa ƙwallo.

Mataki na uku: ku rusa ƙungiyoyin layi

Nan ne muka faɗi a karon farko, saboda haka zan daɗe a kai.

Kada ku karɓi rajistar ƙungiya. Ku karɓi rajistar mutum: suna, layi, wurin da yake bugawa, sa hannun uba ko uwa in bai kai shekara 18 ba. Sai masu horarwa su zauna su kasa sunayen kashi-kashi: masu tsaron raga a hula ɗaya, gwanaye a hula ɗaya, sauran a ta uku. Ranar ƙuri'a a kira ƙaramin yaro ya riƙa zaro takardu a gaban kowa. Dokar ita ce kada 'yan layi ɗaya su wuce kashi ɗaya cikin uku na kowace ƙungiya. Sunayen ƙungiyoyi kuma kada su ɗauki sunan layi, ko na kulob ɗin Turai, don gardamar gidan kallo ma wata gabar ce. Mu sunayen itatuwa muka sa: Kuka, Rimi, Gawo, Tsamiya, Ɗorawa, Giginya, Marke, Maɗaci.

Za a yi muku tawaye. Wani zai ce, "Yaya, ni wallahi ba zan ba ɗan layin can ƙwallo ba." Kada ku yi masa wa'azi. Ku ba kowa damar yin rajista tare da aboki ɗaya, a zaro su a takarda guda, don kada ya ji shi kaɗai cikin baƙi. Waɗanda suka yi fushi suka tafi, ku bar musu ƙofa a buɗe har mako na biyu. Yawancinsu suna dawowa da zarar sun ga ana raba riguna.

Wannan dabara an gwada ta a inda gabar ta fi tamu zafi. A arewacin Iraƙi, bayan 'yan ISIS sun kori Kiristoci daga garuruwansu a 2014, wata mai bincike, Salma Mousa, ta shirya gasar ƙwallo ta wata biyu a Arbil da Ƙaraƙosh. Ƙungiyoyin na Kiristoci ne, aka yi ƙuri'a: wasu aka ƙara musu 'yan wasa uku Musulmi, wasu aka ƙara musu Kiristoci 'yan uwansu. Sakamakon, wanda mujallar Science ta buga a 2020, ya nuna waɗanda suka buga a riga ɗaya da Musulmi sun fi yarda su sake shiga ƙungiyar gauraye, sun fi zaɓen Musulmi a kyautar ɗan wasa mai ladabi, kuma wata shida bayan gasa sun fi ci gaba da atisaye da Musulmi. Amma akwai ɗaya rabin labarin: canjin bai bi su wajen fili sosai ba. Game da Musulmin da ba su sani ba, halinsu bai motsa a zo a gani ba.

Darasi biyu ke nan. Na farko, karawa da mutum ba ta kashe gaba, zama abokin wasansa ke rage ta. Na biyu, abin da aka ƙulla a fili a fili yake kwana, sai an ɗauke shi da gangan an kai shi cikin unguwa. Saboda haka ku sa atisaye ya riƙa zagayawa: wannan makon a layin kyaftin, mako mai zuwa a layin mai tsaron raga. In an yi rasuwa a gidan ɗan wasa, ƙungiyarsa ta je gaisuwa gaba ɗaya, koci a gaba. In an yi suna ko an kwantar da wani a asibiti, haka. Na ga yaron da ya shekara uku bai bi ta wani lungu ba yana zaune a tabarmar makoki a cikin lungun, ana miƙa masa ruwa a moɗa. Bai ce komai ba, ya sha.

Tsarin gasar kuma ya zama kowa ya kara da kowa. Ƙungiya takwas wasa 28 ne, in ana huɗu a mako, mako bakwai. Ƙungiya shida wasa 15. Sili ɗaya ƙwale yana sallamar rabin yaran a makon farko, su koma bayan igiya da haushi a ciki, kuma su ne masu jifa.

Mataki na huɗu: teburin maki

Ga zuciyar aikin. A Mathare, ɗaya daga cikin manyan unguwannin talakawa na Nairobi a Kenya, wani ɗan Kanada, Bob Munro, tare da samarin unguwar sun kafa ƙungiyar wasanni ta MYSA a 1987. Abin da ya bambanta su shi ne ƙungiya ba ta samun maki ta cin wasa kaɗai. In ta fita ta kwashe shara ta buɗe magudanan ruwa, ana zuba mata maki a teburin gasa. Kuma hakan bai kashe ƙwallon ba: kulob ɗin da ya fito daga cikinsu, Mathare United, ya ci gasar firimiyar Kenya a 2008.

Mu ba baƙon abu ba ne a wurinmu, aikin gayya ne aka sa wa alƙalami. Ga yadda muka tsara namu, ku gyara daidai da unguwarku. Nasara maki uku, kunnen doki maki ɗaya. Kowace ƙungiya tana da aikin gayya sau uku a tsawon gasa, kowanne maki uku, daidai da cin wasa, da sharaɗin kashi biyu cikin uku na 'yan wasanta su halarta daga farko har ƙarshe. Ku duba lissafin. Rimi ta ci wasa biyar, ta yi kunnen doki ɗaya, maki 16, amma sau ɗaya ta fita aiki, ya zama 19. Gawo ta ci huɗu da kunnen doki ɗaya, maki 13, ta yi aiki uku cur, ya zama 22. Gawo ce a sama. Ranar da 'yan Rimi suka ga haka a jikin allo, kyaftin ɗinsu da kansa zai riƙa bi gida-gida yana tashin mutane da asuba, ba sai kun ce uffan ba.

A kula da ma'auni. In makin aiki ya yi kaɗan, ba wanda zai kula shi. In ya rinjayi na ƙwallo, gwanaye za su ce wannan ba gasa ba ce su watse, in suka watse kuwa 'yan kallo sun tafi. Abin da ake so shi ne ya iya juya tebur, amma kada ya ba ƙungiyar da ba ta iya komai kofi.

A tura kowace ƙungiya aiki a layin da ba 'yan wasanta ne suka fi yawa a ciki ba. Wakilin mai unguwa da kyaftin ɗin wata ƙungiyar su sa hannu a takardar halarta, don kyaftin ɗin abokan hamayya ba zai taɓa rufa wa kowa asiri ba. Ku tanadi cebur, manjagara, baro, safar hannu da takalmin roba, kada a sa yaro hannu tsirara cikin kwata, kuma ƙananan yara shara da tsintar leda kawai za su yi. Sannan abin da muka koya da wahala: ku shirya motar ko kurar da za ta kwashe dagwalon tun kafin a fito da shi. Mun taɓa yashe layi guda, muka jera tsibi-tsibi a bakin kwata muna jiran motar da aka yi mana alkawari. Ba ta zo ba, ruwan farko ya mayar da komai inda aka ɗebo shi, wata tsohuwa ta leƙo ta ce, "Sannunku da wanke kwata da ƙasarta." A jihohin da ake tsaftar muhalli ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, irin Kano, ku ɗora aikin a kan ranar, motocin shara sun fi samuwa.

In ciwon da kuka zaɓa makaranta ce, sai makin ya koma can. Kowane ɗan wasa ɗalibi yana da kati, malamin aji ya sa hannu duk Juma'a. Wanda bai cika kwana huɗu cikin biyar ba, benci zai zauna a wasan makon, da rigarsa a jiki, kowa na gani. Wanda ba ɗalibi ba, ubangidansa a wurin koyon sana'a ne zai sa hannu. In kuma ƙwaya ce, kada ku mayar da kanku 'yan sanda. Doka ɗaya ta isa: wanda ya zo a buge ba zai buga ba ranar, amma ba a kore shi ba, gobe ya dawo atisaye. Korarsa mayar da shi ne inda ya fito. Sai ku samu ma'aikacin lafiya ko wani da ya taɓa sha ya daina ya riƙa zama da su bayan atisaye, ba a lasifika ba.

Sai ragi: duk ƙungiyar da magoya bayanta suka tsallake igiya, a cire mata maki uku nan take. Ku rubuta dokokin nan a shafi ɗaya da Hausa, a karanta a bainar jama'a ranar ƙuri'a, kowane kyaftin ya sa hannu. Ba a sauya doka in gasa ta fara, ko da ɗan mai unguwa ta ci.

Mataki na biyar: zama biyu da ke kewaye da wasa

A watan Yuli na 1994 aka harbe Andrés Escobar, ɗan bayan Kolombiya, a birnin Medellín, kwanaki kaɗan bayan ya ci gidansu a gasar cin kofin duniya a Amurka. Bayan shekara biyu wani Bajamushe mazaunin birnin, Jürgen Griesbeck, ya fara shirya wasanni tsakanin samarin unguwannin da ke kashe juna, wasannin da ba alƙali a cikinsu. Tsarin ya bazu duniya da sunan football3, don kashi uku ne: a zauna kafin wasa a yarda da dokoki, a buga, sannan a sake zama a duba ko kowa ya cika abin da ya ɗauka, a ba da makin ladabi.

Ni ban ce ku cire alƙali a wasan manyan samari ba, ba mu kai nan ba. Amma ku ɗauki zaman biyun. Minti biyar kafin wasa, ƙungiyoyin biyu su zauna a da'ira a cakuɗe, su yarda da ƙa'ida biyu tasu ta kansu: wanda ya kayar da wani ya ɗaga shi, ba ashar, ba zagin uwa. Bayan wasa, kafin kowa ya cire takalmi, a sake zama. Kowace ƙungiya ta faɗi ko abokiyar karawarta ta cancanci maki ɗaya na ladabi, da dalili. Makon farko za su hana juna don mugunta. Ku ƙyale su. Da sun ga kowa asara yake yi, za su gyara da kansu. A wasan ƙananan yara kuwa ku gwada ba alƙalin gaba ɗaya, babba ɗaya ya tsaya gefe, sai gardama ta gagara ya shiga.

Alƙali ya zo daga wata unguwa, a biya shi kafin wasa a gaban kyaftin biyu, don kada a ce an saye shi a bayan fage. Caca a bakin fili haramun ce a dokarku, domin wanda ya sa kuɗin cefane a kan wasa ba zai karɓi fenariti da haƙuri ba.

Kuɗi da masu neman ƙuri'a

Littafi ɗaya, ma'aji ɗaya, sa hannun mutum uku kafin a fitar da ko sisi, kuma duk Juma'a a liƙa abin da ya shigo da abin da ya fita a bangon da kowa ke wucewa. Ƙungiyoyin unguwa da yawa zargin kuɗi ne ya kashe su, ba rashinsa ba. Ku nemi taimako da kaya maimakon tsaba: mai shago ya ba da ruwan leda, tela ya ɗinka lambobi, mai walda ya haɗa turakun raga.

Ɗan siyasa zai zo, musamman in zaɓe ya ƙarato. Ku karɓe shi da mutunci, ku karɓi ƙwallayensa, amma ba hotonsa a riga, ba sunansa a kofi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin nan yaranku ne za a nema ranar kamfe. Rabin unguwa kuma za su janye 'ya'yansu don ɗaya jam'iyyar suke yi.

Kyauta kada ta zama kuɗi a ambulan. Takalman ƙwallo, kuɗin jarrabawa, gurbin koyon ɗinki ko gyaran waya a wurin masu sana'ar unguwa, waɗannan ba a raba su da wuƙa a bayan makaranta.

Waɗanda ake mantawa da su

In gasar ta samari masu ƙafa biyu ce kawai, rabin unguwa ba ta ciki. 'Yan mata a shirya musu a harabar makaranta mai katanga, malama ta jagoranta, iyaye mata su zama 'yan kallo, da yardar iyaye a rubuce. Ƙwallon hannu ko ƙwallon raga sun fi saurin karɓuwa a wurare da yawa. Mai cewa shigar ba ta dace ba, a sanar da shi cewa tun 2014 dokokin ƙwallon ƙafa na duniya suka amince mace ta buga da ɗankwali. Masu lalurar shan inna suna da wasansu da aka ƙirƙira a ƙasar nan, wanda Misbahu Lawan Didi, mutumin Kano, ya assasa a 1988: suna zaune a kan katako mai taya, suna buga ƙwallo da hannu. Yana son daɓen siminti, ku nemi filin ƙwallon kwando, ku sa wasansu a ranar da jama'a suka fi cika. Almajiran unguwa kuma a je wurin malaminsu a nemi izini, a raba su cikin ƙungiyoyi kamar kowa. Kada a yi musu tasu daban.

A ƙauyen da ƙwallo ba ta da kasuwa, langa da kokawa suna nan. Nijar ta nuna abin da kokawa ke iyawa: tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, jihohin ƙasar ke karɓar baƙuncinta bi da bi, kuma in ana yi kusan duk ƙasar kunnenta na kan rediyo da talabijin.

Tsare yaran daga manya

Wannan ba a son faɗa, amma dole. Duk inda yara suka taru, akwai babban da zai zo da wata manufa. Doka: babba ba ya keɓewa da yaro, ba kwana a ɗakin koci da sunan kamfin, ba kai yaro wani gari ba tare da sanin iyaye ba. A kwamiti a sa mace dattijuwa wadda yaro zai iya kai wa ƙara ba tare da tsoro ba. A bakin fili kullum akwai ruwan sha, akwatin magani, da babur ko Keke a shirye. Wanda ya bugu a ka har ya ga jiri ya gama wasa ranar, ko shi ne gwanin ƙungiya, kuma a kai shi a duba shi.

In gasar ta yi suna, masu cewa su wakilan kulob ɗin Turai ne za su bayyana, su ce a kawo kuɗin fasfo da biza. Ku gaya wa iyaye tun wuri: dokar FIFA ta hana cinikin ɗan wasan da bai kai 18 ba zuwa wata ƙasa, sai a 'yan yanayi ƙalilan, kamar iyayensa su ƙaura don dalilin da ba na ƙwallo ba. Kulob na gaske ba ya neman uba ya sayar da gona. Hanyar da aka sani ta gida ce: hukumar ƙwallo ta jiha, gasannin matasa irin kofin Ramat da ƙungiyar wasannin matasa ta Najeriya, YSFON, ke shiryawa a Kano, sannan kulob na cikin gida. Ahmed Musa ma daga Jos sai da ya bi ta Kano Pillars, ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Najeriya a 2010, kafin ya tafi Holan.

Ranar ƙarshe, da makon da ke binta

Ku yi biki daidai ƙarfinku. Kafin a miƙa kofi, a karanta adadin nan da kuka rubuta a matakin farko, a karanta na yau, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Kyautar ƙungiya mafi ladabi ta kai girman kofin zakara, mai unguwa ne kuma zai miƙa ta da hannunsa.

Sai dai kada ranar ta ruɗe ku. A Oktoban 2005, bayan Kodebuwa ta ci Sudan ta samu gurbin zuwa kofin duniya karon farko, Didier Drogba da abokan wasansa sun durƙusa a gaban kyamara suna roƙon a ajiye makaman yaƙin basasar ƙasarsu. A Yunin 2007 aka kai wasansu da Madagaska birnin Bouaké, hedikwatar 'yan tawaye, suka ci 5 da nema, sojojin ɓangarorin biyu na zaune fili ɗaya. Duk da haka, bayan zaɓen 2010 ƙasar ta sake komawa yaƙi. In rana ɗaya ba ta isa ta sa sulhun Drogba ya ɗore ba, na unguwarku ma yana buƙatar Asabar bayan Asabar.

Don haka tun kafin a tashi daga bikin, a sanar da ranar atisaye na gaba da ranar ƙuri'ar zagaye na biyu, kada tazarar ta wuce wata guda. A sake cakuɗa ƙungiyoyin, in ba haka ba Rimi da Gawo su ma za su zama sababbin layuka. Ku zaɓi samari biyu daga cikin 'yan wasan, ɗaya daga kowane ɓangaren tsohuwar gabar, ku damƙa musu littafin maki da usur, ku koma gefe kuna duba su. A zagaye na uku su ne za su je zauren mai unguwa, ku kuna bayansu.

Malamin nan da ya haura katanga, sai da muka je gidansa sau uku, da takalminsa a leda, kafin ya yarda ya sake busa mana. Ya busa wasan ƙarshe na gasa ta biyu har aka tashi lafiya, amma da sharaɗinsa: a ajiye masa babur a bakin ƙofar makaranta, kansa na kallon titi, makulli a jiki.